Muhawara: Me ya durƙusar da gidajen abincin kafteriya a Amurka?

Alhaji Mamman, Houston

Assalamu alaikum jama'a. Ranar Lahadin da ta wuce na ɗauki jikokina biyu da niyyar in kai su wani gidan abinci irin na kafteriya da na shafe shekaru ina zuwa, sai na tarar an rushe ginin, an kafa wurin wankin mota a filin. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ga ya dace in kawo maganar nan zauren, domin na san akwai waɗanda suka fi ni sanin harkar.

Ga waɗanda ba su taɓa shiga ba, tsarin shi ne mutum ya ɗauki tire da cokali a bakin ƙofa, ya ɗora tiren a kan wasu ƙarafa da aka shimfiɗa a gaban doguwar kanta, ya riƙa tura shi a hankali yana nuna abin da yake so, ma'aikata kuma suna tsaye a bayan gilashi suna zuba masa. Ana farawa da salak da kayan zaƙi, a zo kan nama da kifi, sannan ganyayyaki da wake, a ƙare da burodi da abin sha, kowane kwano da farashinsa. Lokacin da na zo karatu Texas a farkon shekarun 1980, ba ka shiga babban gari a Kudancin ƙasar nan ka rasa irinsu. A Texas Luby's ne kan gaba, wanda Bob Luby da ɗan'uwansa Charles Johnston suka buɗe a San Antonio a 1947. A Louisiana akwai Piccadilly, a Alabama da Florida akwai Morrison's, a yammacin Texas da New Mexico akwai Furr's, a North Carolina kuma akwai K&W. Luby's kaɗai ya kai rassa wajen 200 a tsakiyar shekarun 1990, amma da aka sayar da harkar a 2021 rassa 32 ne aka miƙa wa mai saye. Furr's kuwa ya tafi gaba ɗaya.

Ni a matsayina na Musulmi baƙo, abubuwa biyu suka ja ni zuwa waɗannan wurare. Na farko, ba a sayar da giya, saboda haka mutum yana iya zama da iyalinsa hankali kwance. Na biyu, ina ganin abincin da idona kafin a zuba mini, kuma ina iya tambayar mai zubawa abin da aka sa a ciki. Ranar da na fara ganin soyayyiyar kuɓewa da farin wake mai baƙin ido da dankalin Hausa a jere a kan kantar nan, sai na ji kamar an ɗan rage mini nisan gida. Tambayata ita ce, mene ne ya kashe su, alhali Amurkawa ba su daina cin abinci a waje ba?

Habibu, Kaduna

Wa alaikumus salam Baba Alhaji. Ina neman a ƙara mini haske, domin mu a nan idan aka ce kafteriya, abin da ke zuwa zuciya shi ne ɗakin cin abincin jami'a da iyayenmu ke ba mu labari, wanda ƙarin kuɗin abincinsa na cikin abubuwan da suka tada zanga-zangar ɗalibai ta 1978. Shin wannan da kake magana a kai ya bambanta da wanda ake biyan kuɗi sau ɗaya mutum ya ci iya cikinsa?

Alhaji Mamman, Houston

Sun bambanta ƙwarai, ɗana. Wancan shi ake kira bufe, kai ne kake zuba wa kanka, kuma kuɗin ɗaya ne ko ka ci kwano guda ko ka ci biyar. A kafteriya ma'aikaci ne ke zubawa, kuma abin da ka ɗauka shi kake biya, shi ya sa tsohuwa mai ɗan fansho take iya shiga ta ɗauki wake da burodin masara da shayi kawai, ta zauna kusa da lauyan da ya cika tirensa, ba mai kallon wani. Luby's ma suna da wani tsari da suke kira LuAnn, wato rabin yankan nama ko kifi da mahaɗi biyu da burodi a farashi mai sauƙi, wanda tsofaffi da yara suka fi saye.

Malam Isiyaku, Dallas

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ni akanta ne, don haka ta fuskar lissafi zan duba lamarin, kuma a ganina bashi da yanke shawara marar kyau a ofisoshin kamfanonin sun yi ɓarna fiye da sauyin ɗanɗanon jama'a.

A ɗauki Furr's. Roy Furr ya fara shi a garin Hobbs na New Mexico a 1946, ya bunƙasa sannu a hankali. Kmart ya saye shi a 1980, daga baya a cikin shekarun nan na 1980 aka sake sayar da shi ga wasu masu zuba jari da suka ciwo bashi mai nauyi suka biya, sannan suka ɗora bashin a wuyan kamfanin. Daga ranar, ribar da ya kamata a gyara gine-gine da ita, a sabunta kicin, a riƙe ƙwararrun masu girki, sai ta koma biyan kuɗin ruwa. Ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2003, ya yi ta sauya hannu, har kamfanin ƙarshe da ya riƙe shi ya karye a 2021.

Piccadilly ma kusan hanya ɗaya ya bi. A 1998 ya sayi babban abokin gasarsa Morrison's, wanda J. A. Morrison ya kafa a Mobile tun 1920, da tunanin cewa idan an haɗe za a yi ƙarfi. Abin da ya samu shi ne tsofaffin rassa masu neman gyara da kuma ƙarin bashi, ya je kotu a 2003, ya sake komawa a 2012. Akwai wani abu a tarihin Morrison's da nake so a lura da shi. Tun 1982 masu shi suka sayi Ruby Tuesday, gidan abincin da ake zama a kawo wa mutum abinci da giya, kuma da suka ga inda riba take, can suka karkata, har a 1996 suka raba kamfanin suka ware kafteriyar gefe guda. Wato masu gidan da kansu suka fara fita kafin masu zuwa cin abinci su fita.

Luby's kuma, bayan 'yan'uwan nan Chris da Harris Pappas sun karɓi ragama a 2001, ya kashe fiye da dala miliyan 60 a 2010 wajen sayen Fuddruckers mai sayar da baga, ya ƙara da Cheeseburger in Paradise a 2012, wanda bai daɗe ba aka riƙa rufe rassansa. Da a ce an zuba wannan kuɗin a cikin kafteriyoyin kansu, ina jin da labarin ya ɗan bambanta. Sannan akwai wata matsala da ba a cika faɗa ba, wato kamfanin ne ya mallaki yawancin filayen da gine-ginensa suke kai, kuma biranen Texas sun bunƙasa har filayen suka fi harkar abincin daraja. Da masu hannun jari suka yi lissafi a 2020, sai suka ga sayar da komai a raba kuɗin ya fi musu ci gaba da dafa kifi. Wurin wankin motar da ka gani, Alhaji, irin wannan lissafin ne ke haifar da shi.

Maman Ikram, San Antonio

Malam Isiyaku, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa ba, amma kana magana ne daga bene, ni kuma zan yi magana daga kicin, domin na yi shekara shida ina aiki a ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje lokacin da yarana suke ƙanana.

Mukan shiga aiki tun kafin gari ya waye. Akwai mai kwaɓa burodi, akwai mai haɗa kayan zaƙi, akwai mai gyaran ganye, akwai mai kula da nama, kuma kowacce ta yi shekaru a kan aikinta har ta ƙware. Kafin a buɗe ƙofa da hantsi, dole kantar ta cika daga wannan ƙarshe zuwa wancan, abinci iri-iri masu yawa, kowanne a kan ruwan zafi don kada ya huce. Matsalar ita ce dole a dafa su duka ko mutum ɗari suka zo ko dubu, domin babu abin da ke korar mai saye kamar ya ga faranti rabi ko makaronin da samansa ya bushe. Idan jama'a na shigowa ba yankewa, abinci yana ƙarewa ana sabuntawa, komai sabo ne, kowa na yabo. Da zarar sun ragu, abincin sai ya daɗe a kan wuta, ya canza kama, wanda ya zo ya ga haka ba ya dawowa, gobe kuma a ƙara raguwa. Na ga wannan da idona, kuma na san yawan abin da muke zubarwa kowane dare, abin da har yau idan na tuna nakan ji nauyi a zuciya saboda yadda aka rene mu a kan haramcin almubazzaranci.

Daga nan ne shugabanni suka fara neman inda za su rage. Aka sallami matar da ke kwaɓa mana burodi, aka koma kawo daskararre a kwali. Dakakken dankalin Turawa da muke ferewa da hannu ya koma gari da ake zuba wa ruwan zafi. Masu saye tsofaffi ne da suka yi shekara talatin suna cin abu ɗaya, a cokalin farko suke ganewa, kuma mu da ke tsaye a gaban kanta mu ne muke shan ƙorafin. Wata tsohuwa ta taɓa riƙe hannuna ta ce mini ba wannan ne romon da ta sani ba, na rasa amsar da zan ba ta saboda na san gaskiya ta faɗa.

Game da halal kuma, Alhaji, ina fata kana tambaya sosai a wancan lokacin, domin a girkin Kudu da yawa daga cikin ganyayyaki da wake da ƙashin alade ko kitsensa ake dafa su, ko da ido bai gani ba, haka nan Jell-O ɗin nan mai launi da yara ke so akwai maganar asalin sinadarin da ke daskarar da shi. Nakan yi wa 'yan'uwa Musulmi raɗa idan suka nuna irin waɗannan.

Alhaji Mamman, Houston

Allah ya saka miki da alheri, Maman Ikram. Wata ma'aikaciya baƙar fata ce ta fara faɗakar da ni a shekarata ta farko, tun daga lokacin na tsaya a kan soyayyen kifi da kuɓewa da masara da makaroni mai cuku. Bayanin da kika yi na raguwar jama'a da lalacewar abinci ya warware mini abin da na daɗe ina gani ban gane dalilinsa ba.

Sadiya, Charlotte

Iyayena, ku yi mini izini in kawo ra'ayin masu tasowa. Mu ba layin muka ƙi ba, domin kullum muna bin layi muna nuna abin da muke so ta bayan gilashi. Haka ake yi a Chipotle, wanda aka fara a Denver a 1993, haka ake yi a Panda Express, kuma duk wanda ya je IKEA, babban kantin kayan ɗaki, ranar Asabar ya san yadda mutane ke tura tire a ɗakin cin abincinsu. Abin da ya sauya shi ne abincin da kuma lokacin. Tsaranmu sun tashi da abincin Meziko da na Sin da na Indiya da na Gabas ta Tsakiya, hanta da albasa ko dafaffen kabeji ba sa jan su. Sannan mai aiki yana da rabin awa ne na hutun rana, ko dai ya tsaya a tagar mota a miƙo masa, ko ya taɓa waya a kawo masa ofis. Na taɓa raka wata maƙwabciyarmu tsohuwa irin wannan wuri, na duba ɗakin gaba ɗaya na ga ni kaɗai ce ba ni da furfura. Kasuwar da ba ta samun sababbin masu saye, yaya za a yi ta ɗore?

Malam Isiyaku, Dallas

Sadiya, misalinki ya ƙarfafa maganata ne ta wata fuska. Chipotle kayan haɗi kaɗan yake ajiyewa, yana juya su ta hanyoyi da yawa, a cikin ɗan ƙaramin shago, da ma'aikatan da za a koya wa aikin cikin kwanaki. Kafteriya kuwa katafaren gini ne mai kujeru ɗaruruwa da babban kicin da kuɗin sanyaya ɗaki a zafin Texas. Ƙari a kan haka, dokar tarayya ta yarda gidan abincin da ake ba ma'aikatansa tukwici ya biya su dala 2.13 a awa, adadin da bai sauya ba tun 1991, alhali mai tsayawa a bayan kantar kafteriya sai an biya shi aƙalla cikakken mafi ƙarancin albashi, wato dala 7.25 tun 2009. Ga kuma rashin sayar da giya, wadda mu muke murna da rashinta, amma ita ce ke kawo wa abokan gasarsu riba mafi tsoka. Da wannan nauyin suka shiga gasa da bufe irin su Golden Corral, waɗanda suka ce wa magidanci ya biya sau ɗaya yaransa su ci su ƙoshi.

Maman Ikram, San Antonio

Su ma bufe ɗin ba su tsira ba. Kamfanin da ke da Old Country Buffet da Ryan's sau uku ya je kotu kafin annobar korona, annobar kuma ta ƙarasa su. Sweet Tomatoes ya rufe rassansa 97 a watan Mayun 2020. Abin da ya ba ni takaici shi ne an haɗa kafteriya da bufe an yi musu kuɗin goro a lokacin annobar, alhali a kafteriya mutum ɗaya ne ke riƙe da ludayi, da safar hannu, a bayan gilashi.

Malam Isufu, Greensboro

Salamu alaikum. Ni mutumin Maraɗi ne, na kusa shekara ashirin a North Carolina, kuma K&W na sani, wanda ya samo asali a Winston-Salem a 1937, ya nemi kariyar kotu a watan Satumban 2020, sannan Piccadilly ya sayi abin da ya rage a 2022. Na ci abincinsu sau da yawa, kuma ina jin irin kewar da Alhaji ke ji. Amma akwai abin da ya kamata mu ajiye a gabanmu kafin mu ce waɗannan wurare gidan kowa ne, domin mu baƙaƙe ne, kuma da mun zo ƙasar nan shekara ashirin kafin zuwan Alhaji, da yawancinsu ba za su bar mu mu ɗauki tire ba.

A garin nan da nake zaune, bayan zaman dirshan adawa da wariyar launin fata da ɗalibai baƙaƙe huɗu suka fara a kantar cin abinci ta shagon Woolworth ranar 1 ga Fabrairun 1960, manyan zanga-zangar 1963 a ƙofar kafteriyoyi aka yi su, wato S&W da Mayfair, kuma Jesse Jackson, wanda a lokacin ɗalibi ne a jami'ar A&T, yana cikin jagororin. An kama ɗaruruwan matasa a kan neman a bar su su shiga layin nan da muke kewa. A Atlanta kuma, kwana ɗaya bayan an sa hannu a dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta haramta wariyar launin fata, Lester Maddox ya kori baƙaƙe daga gidan abincinsa na Pickrick da bindiga, magoya bayansa na riƙe da ƙotocin gatari, kuma ya gwammace ya bar sana'ar da ya ciyar da su. Bayan haka aka zaɓe shi gwamnan Georgia. Alhali a yawancin gidajen nan baƙaƙe ne ke girkin, su ne ke ɗaukar wa farare tire zuwa tebur, kuma kuɓewa da waken da Alhaji ya gani ya ji daɗi, daga yankinmu na Afirka suka ƙetara teku a zamanin cinikin bayi.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, wani dattijo maƙwabcina ya gaya mini cewa shi idan ya sa kwat ranar Lahadi ya kai iyalinsa kafteriya bayan an tashi daga coci, yana tuna cewa an ɗaure ƙanen mahaifinsa a kan wannan kujerar. A wurinsa rufewar ta fi ciwo, domin wuri ne da aka sha wuya kafin a samu.

Alhaji Mamman, Houston

Malam Isufu, ka yi gaskiya, kuma na karɓi gyara. Ni na zo na tarar da ƙofa a buɗe, ban tambayi wanda ya buɗe ta ba sai daga baya. Yanzu da ka faɗa, na tuna cewa idan ka je ranar Lahadi da azahar, rabin layin iyalan baƙaƙe ne cikin kayan ado, kaka da 'ya'ya da jikoki, su haɗa tebura uku wuri ɗaya. Irin wannan zama na tsara uku a kan abinci ɗaya shi ne na so jikokina su gani, saboda ya yi kama da yadda muke yi a gida ranar Sallah.

Hajiya Binta, Atlanta

Na jima ina karantawa ban ce komai ba, amma maganar Sadiya a kan furfura ta taɓa ni, domin aikina kenan. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zagayawa gidajen tsofaffin da ke zaune su kaɗai. 'Yata, abin da kika gani gaskiya ne, sai dai ki sani cewa ga da yawa daga cikin masu furfurar nan, wannan fitar ita ce kaɗai fitarsu a yini, kuma mai zuba musu abinci ita ce kaɗai za ta kira sunansu a ranar.

Akwai wani tsoho da nake dubawa, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna wasu jihohi masu nisa. Kullum da ƙarfe sha ɗaya da rabi yakan tuƙa motarsa zuwa kafteriyar da ke jikin wani tsohon rukunin shaguna kusa da gidansa, ya ɗauki kifi da ganye iri biyu, ya zauna a tebur ɗaya da wasu tsofaffi uku. Manyan kantunan da ke jawo mutane zuwa rukunin suka rufe ɗaya bayan ɗaya, filin ajiye motoci ya zama fayau, kafteriyar ma ta bi su. Cikin 'yan watanni na ga bambanci a jikinsa. Ya koma cin abincin gwangwani mai gishiri da daskararren da ake ɗumamawa, hawan jininsa ya ƙi sauka, ya daina aske gemu saboda ba inda za shi. Idan na ce masa ya sa a kawo masa abinci ta waya, sai ya ce ai ba abincin ne kawai yake zuwa nema ba, kuma ko da shi ne, kuɗin kawowa da tukwici sun fi ƙarfin fanshonsa.

Don haka Malam Isiyaku, duk lissafinka daidai ne, ban da ja. Amma akwai hidimar da waɗannan gidaje suke yi wa al'umma wadda ba ta shiga littafin kowane akanta, wato dafaffen ganye da wake a farashin talaka, da kujerar da ba a korar mutum a kanta. Clifford Clinton da ya buɗe Clifton's a Los Angeles a 1931, a tsakiyar babban matsin tattalin arzikin duniya na wancan zamani, ƙa'idarsa ita ce mutum ya biya abin da zai iya, wanda ba shi da ko sisi kuma a ba shi ya ci. Ba duka ne suka kai haka ba, amma wani abu na wannan ɗabi'a ya zauna a cikin sana'ar, kuma ban ga wanda ya gaje shi ba a cikin sababbin da Sadiya ta lissafa.

Sadiya, Charlotte

Hajiya, wallahi ban duba ta wannan ɓangaren ba. Na yarda cewa a shagunan da na ambata, kujerun ma an yi su ne yadda mutum ba zai daɗe ba. Amma har yanzu tambayata tana nan: wa zai ɗauki nauyin asarar? Kamfani mai masu hannun jari ba zai riƙe gini yana faɗuwa ba saboda tsofaffi huɗu.

Malam Isiyaku, Dallas

Ba zai riƙe ba, shi ya sa nake ganin waɗanda suka fi jurewa su ne ƙanana da ke hannun iyali ko mutum ɗaya, waɗanda ba su da masu hannun jari da ke jiran ƙarin riba duk wata uku. Gidan kafteriyar MCL a Indiana tun 1950 yake, bai taɓa yunƙurin cika ƙasa da rassa ba. Luby's ma da Calvin Gin ya saya a 2021 a kan kusan dala miliyan 29, ya fita daga kasuwar hannun jari, ya tsaya a Texas inda aka san shi. Ina ganin sana'ar tana iya rayuwa a ƙarama, a garuruwan da har yanzu ake cika layi ranar Lahadi, amma zamanin rassa ɗari biyu ya wuce.

Habibu, Kaduna

Na ƙaru ƙwarai. Abin da Maman Ikram ta faɗa a kan abincin da ke daɗewa a bayan gilashi ya tuna mini da Mr Bigg's, wanda kamfanin UAC ya buɗe a Legas a 1986, ya bazu a manyan biranen Najeriya har ya zama wurin da ake kai yara ranar Sallah, sannan ya yi ta raguwa bayan shigowar irin su Chicken Republic. Na san ba kafteriya ba ce irin taku, amma raguwar jama'a da tsufan gini iri ɗaya ne. Sai dai mu a nan tsarin nuna abinci a zuba maka bai je ko'ina ba, domin kowace mai tuwo da kowace buka haka take yi, ka nuna miya, ka nuna nama, a ƙirga maka.

Maman Ikram, San Antonio

Haka ne Habibu, kuma dalili shi ne mai tuwo tukunya uku ko huɗu take ɗorawa, ta san adadin masu zuwa, idan ya ƙare ta kife tukunya ta tafi gida, ba mai zarginta. Mu kuwa an ce kada kanta ta taɓa zama babu komai har a rufe ƙofa da dare.

Alhaji, kada ka fasa kai jikokin nan. Akwai rassan da suke aiki a Houston da nan San Antonio. Ka je da su da zarar an buɗe da hantsi, lokacin da aka fito da komai daga wuta, ka bar kowannensu ya tura tirensa da kansa, amma ka tsaya kusa da su a wajen ganye da wake ka yi tambaya kafin a zuba.

Alhaji Mamman, Houston

In sha Allahu ranar Asabar mai zuwa za mu je, na riga na duba wanda ya fi kusa da mu. Hajiya Binta, idan kin koma wurin tsohon nan ki gaishe shi, kuma ki bincika ko akwai wata cibiyar tsofaffi a unguwarsu da ake dafa abincin rana a ci tare, domin a nan Houston akwai irinsu, wataƙila ya samu teburin da zai riƙa zama.